Tsohon Ƙirjin Baba

Tun da na dawo daga Maraɗi ban ɗinka riga ɗaya na gama ta a zama guda ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago, ya zauna a benci, ya ce in ba shi labari. Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura kowa in ya fita sai ya ƙara nasa. Jiya a ƙofar masallacin unguwarmu ta Wambai na ji wai jandarma sun ɗaure ni saboda doya. Ba wanda ya ɗaure ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan ɗinkin mutane.

Asalin tafiyar tari ne. Mahaifina, Alhaji Garba, tsohon falken goro ne da ya ajiye fatauci. Da bazara tari ya kama shi ya ƙi saki, muka sha fama kafin ya yarda aka kai shi Minna ɗaukar hoton ƙirji. Ko a ɗakin hoton sai da aka yi rigima. Baba yana da ɗan makullin adakarsa da yake ratayawa a wuya da igiyar fata tun kafin a haife ni. Mai ɗaukar hoto ya ce ya cire. Baba ya ce ya riga ya tuɓe riga a gaban sa'an ɗansa, wannan ya isa, makulli kuwa sai ranar da masu wanka suka cire shi da hannunsu. Haka aka ɗauke shi da abinsa.

Likitan, wani Bayarabe mai jin Hausa sosai, ya manna hoton a jikin gilashi mai fitila. Ya nuna mini wani farin tabo a sama ta hannun dama, bai kai ƙaramin goro ba. Ya ce ɗayan biyu ne: ko tabon tsohon ciwo ne da ya warke tuntuni, ko kuma sabon abu ne da ke girma. In ba a tabbatar ba, dole ya tura Baba Zariya a buɗe ƙirjin a duba. Baba, wanda ya juya wa gilashin baya tun shigarmu, ya gaya wa bango cewa shi ba rago ba ne, ba mai sa masa wuƙa.

Likita ya tambaya ko an taɓa ɗaukarsa hoto a da. Baba ya ce an taɓa, a Maraɗi, shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi a can da kayan goronsa. Aka ce ina hoton.

“Na bar shi can,” in ji shi.

Likita ya ce in aka samo shi, aka ga tabon yana nan tun wancan lokacin kuma bai ƙaru ba, to magana ta ƙare. Ya rubuta mini takarda da Turanci zuwa ga asibitin can, ya ce kada in ɓata lokaci. Daga ranar Baba ya rage cin abinci, gidanmu ya yi tsit.

Kowa ya san halina. Ni ne mai kulle shago in yi nisa in dawo in sake taɓa kwaɗon. Ban taɓa wuce Kaduna ba, ga shi an ce in je Faransa, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Nijar. Amma yayana yana aikin soja can kudu, ba mai zuwa sai ni. Kafin mu bar Minna na roƙi likita na auna sabon hoton da tef ɗina, tsawo da faɗi, har tabon ma na auna. Na zo na ɗinka wata jaka ta kaki daidai da shi, na sa kwali gaba da baya don kada abin ya lanƙwashe. Inna ta aika Madalla aka zaɓo manyan doya na tsarabar Alhaji Lawali, mai masaukin da Baba ke sauka wurinsa a Maraɗi shekara da shekaru. Da na je sallama Baba ya riƙe hannuna.

“Isuhu, ka sauka gidan Lawali, amma kada ka je kana tallata ciwona a gidan mutane. Ka yi abin da ya kai ka a asibiti, ka dawo.”

Na ce to.

A tasha na samu Fijo mai zuwa Kaduna, Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Kande, ’yar kasuwar kwanuka mai zirga-zirga tsakanin nan da Maraɗi. Ta ga yadda na rungume jakar kakin a ƙirji, ta tambaya madubi ne ko allo. Na ce ba komai a ciki. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce ta daɗe tana hawa mota amma ba ta taɓa ganin mai gadin jaka wofi ba. Daga nan ta mai da ni ɗanta. Ita ta san inda ake sauya mota a Kaduna, ita ta hana ɗan kamasho ɗora tayar mota a kan buhun doyata.

A Funtuwa aka tsaya cin abinci. Na ƙi sauka, don na sa a raina motar za ta tafi ta bar ni. Hajiya ta miƙo mini tuwon dawa ta taga, tana gaya wa mai tuwon cewa amarya ce take kaiwa Katsina, ba ta fitowa. Da aka gama, motar ta ƙi tashi sai da turi, ni kaɗai ne a ciki, direba ya ce amarya ma ta sauko ta tura. Haka na tura mota da jaka a rataye a wuya da miya a hannu. Muka kwana Katsina a gidan wata ƙanwar Hajiya, da safe muka hau a-kori-kura zuwa Jibiya.

Ga gaskiyar maganar doya. Na taɓa ji a rediyo ana gargaɗi a kan fitar da abinci waje, abin ya tsaya mini a rai tun daga gida. Da muka isa iyaka, kowa ya gaisa da ma'aikata aka duba shi ya wuce, ni kuwa na ciccibi buhuna na shiga ofis na ce na kawo kaina. Ɗan kwastan ya buɗe ya leƙa, ya dube ni, sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya kai ƙarar tsarabarsa. Ya ce dokar ta masu lodin manyan motoci ce, in ɗauki kayana in gai da mai gidan da za a kai wa.

A ɗaya gefen, a Ɗan Isa, jandarma ya tambaye ni daga ina. Na ce Suleja. Ya duba takardata ya ga an rubuta Abuja. Na yi masa bayani cewa gari ɗaya ne, gwamnati ce ta ɗauki sunan za ta sa wa sabon babban birnin da za a gina kusa da mu, mu kuma aka sake mana wani. Ya ce, “An karɓe muku sunan gari kuna kallo? To mi aka ba ku?” Na ce an ba mu ƙurar manyan motoci. Ya kwashe da dariya, ya ciro doya ɗaya ya rungume kamar jariri, ya ce bai taɓa ganin mai girmanta ba, ya mayar, ya buga mini hatimi.

Maraɗi Hausa ce zalla, amma sai ka saurara da kyau. Asibiti su likita suke ce masa, shi kuma likitan lokotoro. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙala shi a hammata ba ko takarda, yana tafe yana gaisawa. Fura kuwa ba ta da lokaci, da safe fura, da rana fura, in ka ce ka ƙoshi a ce ai wannan ruwa ne. Shayi a ɗan kofin gilashi ake shansa, sau uku a jere, na farko da ɗaci kamar maɗaci, kuma tashi kafin na ƙarshe rashin ladabi ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da rana ta take sai a rufe ofisoshi da kantuna kowa ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a sake buɗewa. A nan in tela ya yi haka sai a ce ya karye.

Hajiya ta raka ni har ƙofar gidan Alhaji Lawali ta wuce harkarta. Dogon tsoho ne mai ƙaton murya. Da na ambaci sunan Baba sai ya kama kaina da hannu biyu yana juyawa, wai yana neman kunnen Garba, ya kuwa ce ya gani. Ya tambayi lafiyarsa. Na ce lafiya lau. Ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce na zo duba yadi ne. Ban saba ƙarya ba, sai na yi maza na kwance buhun tsaraba. Doya kuwa ta yi farin jini, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, aka yanka ta ƙanana aka raba gida-gida kamar naman suna.

Ya ce ba inda zan kwana sai ɗakin da Baba ke sauka. Ɗaki ne mai gadon katako da katifar rimi. Abu ɗaya ya dame ni: duk juyin da na yi sai in ji wani ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin katifar. Na ce ko kunama ce, ko gara, ko ɓera da ’ya'yansa. Kunya ta hana ni ɗaga shimfiɗar mutane, tsoro ya hana ni juyi. Haka na riƙa kwana a gefen gado a miƙe kamar itace.

Ranar farko na isa asibiti daidai lokacin da ake rufewa. Rana ta biyu na yi sammako, sai ga wata matsala: takardar da likita ya ba ni da Turancin Ingila take, su kuwa na Faransa suka iya. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kowa sai ya karɓa ya juya ta, ya ba ni kujera, ya tura ni ofis na gaba. A rana ta uku aka haɗa ni da babban ma'aikacin jinya da suke kira majo, wanda ya taɓa zama Kano. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi. Ya ce ai su ba sa ajiye hoto. A nan in an ɗauki mutum, likita ya duba, sai a sa masa abinsa a ambulan a miƙa masa ya tafi da shi. Ya duba littafinsu ya ga sunan Baba, amma abin da aka rubuta kawai shi ne an kwantar da shi, an ɗauke shi hoto, an sallame shi.

Na fito na zauna a gindin wata bishiya da jakata wofi. Ba abin da nake gani sai Baba da fuskarsa a bango.

Da yamma muna shan shayi a zaure, Alhaji Lawali ya miƙo mini kofi, bai saki ba.

“Wanga yaro, shekarata arba'in ina saukar baƙi. Mai neman yadi ba ya dawowa shina warin magani. Kai ne ba ka da lahiya, ko Garba?”

Na yi ta kallon tabarma. Umarnin Baba yana gefe guda, tsohon nan yana gefe guda. Da na tuna ba ni da sauran abin da zan koma da shi, sai na gaya masa komai, har da maganar Zariya. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan abin da majo ya ce, sai ya ajiye butar shayin ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa.

“Tashi mu je ɗakinka.”

Ya kama gefen katifar ya naɗe ta. A kan katakon gadon ga baƙaƙen hotuna a shimfiɗe, wani kan wani, sun fi rabin dozin.

Ya ce duk na fatake ne. In ciwo ya kayar da falke a Maraɗi aka ɗauke shi hoto, ba ya yarda ya tafi da shi gida. Wa zai yi sallama a ƙofar gidansa da ƙasusuwansa a hammata? Mata su gani su fasa kuka, maƙwabta su ce ya kawo hoton gawarsa. Sai su bar masa ajiya, kamar yadda suke barin buta da bargo da ragowar kaya. An ce masa kada a naɗe kada a jiƙa, shi kuwa bai ga inda ya fi ƙarƙashin katifa ba.

“Kwana uku kana bisa ƙirjin ubanka, kana zuwa nemansa gun lokotoro.”

Na miƙa hannu zan tattara su duka, likita ya zaɓa. Ya riƙe ni. Gara ta cinye ambulan ɗin da ke da sunaye tuntuni, shi kuma bai san na wa da na wa ba ne. Amma ya ce ajiya ajiya ce. Wasu masu su sun rasu, wasu suna iya aiko ’ya'yansu gobe kamar yadda aka aiko ni, ba zai ba ni ƙirjin wani in ƙetare iyaka da shi ba.

“Ka fid da ubanka, ka bar mini sauran.”

Ban ji haushinsa ba, don da ni ne haka zan yi. Muka fito tsakar gida da sauran rana. Na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, in an cire nama duk ɗaya muke. Haƙarƙari ne kawai a jere, ba Alhaji ba talaka. A wani na ga alamar zobe a rataye, a wani na ga abu kamar allura a laya. Sai na ɗaga wani da gefensa ya ɗan yi ja, rana ta ratso shi, ga shi nan a tsakiyar ƙirji fari fat: makulli mai kai kamar ganye uku, haƙori ɗaya dogo ɗaya gajere. Makullin da na yi wasa da shi a cinyarsa, wanda Inna ta ce da shi na fitar da haƙora. Can sama ta dama kuma ga tabon.

Na ce, “Baba Alhaji, ga shi.”

Na ciro tef na auna tabon. Daidai da na Minna. Na sake aunawa. Alhaji Lawali ya ce in na ƙara sau ɗaya zai karɓe tef ɗin ya ajiye shi a ƙarƙashin katifa shi ma.

Washegari na kai wa majo. Ya nuna mini wasu ƙananan lambobi a kusurwar hoton, ya ce kwanan wata ne, ya yi daidai da na littafinsu. Ya rubuta haka a takarda ya buga hatimi, ya ƙi sakina sai da na sha shayi. Alhaji Lawali ya cika mini buhun da doya ta fito da kilishi da dabino, ya kuma ba ni saƙo: in gaya wa Garba, shi da ya yi jinyarsa ya wanke masa kwano, shi ne za a ɓoye wa tari? Ya ce bai yafe ba sai ya zo da ƙafarsa.

A komowa jandarman Ɗan Isa ya gane ni, ya ce mai gari biyu ya dawo. Ya ga jakar ta yi nauyi, na buɗe masa. Ya ɗaga hoton sama ya ɗaure fuska, ya ce ni ya ga takardata, wannan mutumin fa ina tasa? Sai da na fara lalube a aljihu kafin na gane wasa yake. Bayan Kaduna ruwan sama ya tare mu, motar kuwa tana yoyo. Na cusa jakar cikin rigata na duƙa a kanta har Suleja. Duk hanya ina saƙa da warwara: in na'urar Maraɗi ta fi ta Minna ƙara girman abu fa? In tef ɗina ne ya miƙe fa?

Muka koma Minna da Baba. Ya zauna inda ya zauna a da, fuska a bango. Likita ya manna hotunan biyu gefe da gefe ya kunna fitila. Sai ya tuntsire da dariya. Makulli biyu ne a jere, iri ɗaya, a wuri ɗaya. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin wanda ya sa hannu a kan hotonsa daga ciki ba. Ya ɗauko abin awonsa ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya karanta takardar majo.

“Alhaji, tabon nan ya girmi jikokinka. Bai ƙaru ko kaɗan ba. Ba Zariya, ba wuƙa. Tarin kuma ga magani, ka rage taba gari.”

Baba ya yi hamdala a hankali. Sannan, karon farko, ya juyo ya kalli gilashin. Ya daɗe yana dubawa, ya tambaya wanne ne na Maraɗi. Na nuna masa. Ya ce ai ya gani, a wancan ya fi ƙiba. Kafin mu bar tasha ya sa na saya masa tsire, ya cinye bai ba ni ba. Da na isar masa da saƙon Alhaji Lawali, ya ce da ma Lawali surutu gare shi, amma a fara tambayo masa kuɗin mota.

Likita ya ce mu tafi da hotunan biyu mu adana, ko za a sake nema. Muna isa ƙofar gida Baba ya tare ni da sandarsa.

“Ba dai cikin gidana ba.”

Na ce to ina zan kai su? Ya ce ni na ɗauko, ni na sani.

Sai na yi abin da na koyo a Maraɗi. An ce kada a naɗe, kada a jiƙa. A shagona wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe da ruwa ba ya kaiwa, shi ne ƙarƙashin katifar benci. Saboda haka duk wanda ya zo ya zauna ya matsa mini in ba shi labari, ya ji wani ƙaras-ƙaras in ya gyara zama, ba kunama ba ce. A kan ƙirjin Alhaji Garba yake zaune, tsoho da sabo, sai ya zauna da ladabi.